Rumbu ya cika kuma babu komai a ciki: muhawara kan page_pool na Linux

Bashir:
Assalamu alaikum jama'a. Tambaya ce ga masu aikin direbobin katin sadarwa a Linux. Direba yana amfani da page_pool, wato rumbun shafukan ƙwaƙwalwa da ake sake amfani da su wajen karɓar fakitoci, shafi ɗaya mai bayit 4096 ga kowane fakiti, zoben karɓa (jerin guraben da kati ke zuba fakiti) mai gurbi 512. Idan aka ɗora shirin XDP (shirin da ke tarbar fakiti tun a direba) mai zubar da duk abin da ya shigo, umarnin duba ƙidayar kati ethtool -S yana nuna kusan kowane shafi ta rx_pp_alloc_fast yake fitowa. Da zarar an cire shirin an saki TCP na gaske, sai rx_pp_alloc_slow ya fara hawa, rx_pp_recycle_ring_full ma yana hawa, duka a lokaci guda. Ta yaya rumbu zai ce ya cika har yana korar shafuka, kuma ya ce ba shi da ko ɗaya sai an je an roƙo sababbi? Shawarar da ake yawan bayarwa ita ce a ɗaga zoben zuwa 4096 da ethtool -G. Magani ne ko rufe gyambo da tsumma?

Hadiza:
Wa alaikumus salam Malam Bashir. Lambobin ba su yi maka ƙarya ba, kai ne kake kallon rumbun a matsayin ɗaki ɗaya, alhali ɗakuna biyu ne.

Na farko ƙaramar ma'ajiya ce mai gurbi 128, wato alloc.cache. Ba ta da makulli ko kaɗan, domin mai shiga cikinta mutum ɗaya ne: NAPI na wannan layin, wato aikin da ke kwaso fakitoci daga layin karɓa na kati, a kan CPU ɗin da yake gudana. Shafin da aka ajiye ƙarshe shi ake fara ɗauka, saboda haka yakan fito da ɗuminsa, bai bar kash (ƙaramar ƙwaƙwalwa mai sauri) na CPU ba. Na biyu shi ne ptr_ring, zobe mai makulli wanda kowane CPU zai iya mayar da shafi cikinsa. Girmansa shi ne pool_size da direba ya bayar, idan bai bayar ba kuma 1024.

In direba ya nemi shafi, ana duba ƙaramar ma'ajiya. In ta ƙare sai a kwaso har 64 daga ptr_ring a zuba mata. In shi ma babu komai, sai a tafi wurin mai rabon shafukan kanel, wato zuciyar Linux, a karɓo 64 a tashi ɗaya, a ɗaura kowanne a DMA, wato a ba kati adireshin da zai rubuta a shafin kai tsaye. Da XDP_DROP shafin ba ya zuwa ko'ina, daga hannun direba sai ƙaramar ma'ajiya, sai hannun direba kuma. Da TCP kuwa shafin yana tafiya ya zauna a layin soket har manhaja ta ga damar karantawa. Yayin da yake can, rumbu ya bushe, ga slow ke nan. Sai manhaja ta farka ta karanta tarin bayanai a lokaci guda, shafuka su dawo kamar kasuwa ta watse, ptr_ring ya cika, sauran a kwance su daga DMA a mayar wa kanel, ga ring_full ke nan. Jim kaɗan sai a sake zuwa roƙon waɗanda aka kora ɗazu.

Wani abu kuma da ke ruɗa mutane: slow ba ƙidayar shafuka ba ne, ƙidayar tafiye-tafiye ne. Tafiya ɗaya tana kawo 64, ana rubuta ɗaya a slow, sauran 63 kuma idan an zo ɗaukarsu sai su shiga fast. Wato za ka iya ganin fast ya ninka slow sau 63 ka yi murna, alhali ko shafi ɗaya bai dawo ba. Ka haɗa rx_pp_recycle_cached da rx_pp_recycle_ring, ka raba da jimillar abin da aka raba wa direba. Nan ne gaskiyar take.

Bashir:
Wannan ta 63 ɗin ta canza karatun lambobin gaba ɗaya. Na gode Injiniya.

Malam Sani:
Kafin a yi nisa, a san me ake ceto, don kar a sha wahala a kan abin da bai kai ba. A layin gigabit 10, fakiti mafi ƙanƙanta bayit 64 ne, a ƙara 20 na share fage da tazarar da ke tsakanin fakitoci, ya zama 84, wato bit 672. Wannan ya ba da fakiti miliyan 14.88 a sakan, nanosakan 67.2 ga kowanne. CPU mai gigahaz 3 yana da zagaye kusan 200 a wannan ɗan lokacin. A gigabit 100 sai ka raba da goma.

Karɓo shafi daga kanel ba shi ne mai tsada sosai ba muddin jerin shafukan da ke ajiye ga kowane CPU bai ƙare ba. In ya ƙare sai an taɓa zone->lock, kuma duk layukan katin a kan makulli ɗaya za su yi cunkoso. Hakan na faruwa sosai idan CPU ɗaya ke karɓa wani ke mayarwa: jerin wannan kullum a bushe, na wancan kullum a cike. Amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Ɗaurawa da kwancewa a DMA ne. In IOMMU, mai fassara wa kati adireshin ƙwaƙwalwa da tsare masa iyaka, na kunne, kowace ɗaurawa sai an nemo adireshi an rubuta teburin fassara, kowace kwancewa kuma sai an share IOTLB, wato kash ɗin wannan fassarar. Da iommu.strict=1 ana jiran sharewar ta kammala a kowane karo. Ko babu IOMMU, tun da aka shigo da kariyar retpoline a farkon 2018 saboda raunin tsaron CPU mai suna Spectre, kiran da ake yi ta dma_map_ops ya ƙara nauyi, har sai da aka yi wa DMA na kai tsaye hanyar kaucewa.

Abin da page_pool ya zo da shi, tun Jesper Dangaard Brouer ya shigar da shi a kanel 4.18, shi ne shafi ya zauna a ɗaure tsawon rayuwarsa a rumbu. Saboda haka duk lamba ɗaya a ring_full kwancewa ɗaya ce yanzu da ɗaurawa ɗaya an jima. A inji mai iommu=pt, inda kati ke wucewa ba fassara, ciwon ya yi sauƙi. A inji mai IOMMU cikakke shi ne ke cinye CPU, kuma perf, mai auna inda lokacin CPU ke tafiya, zai nuna maka sunayen ayyukan iova da na IOMMU a sama.

Auwal:
Ni dai ban ga abin da ya sa ake ta wahalar da kai da rumbu da zobe da ƙidaya goma sha ɗaya ba. Direbobin Intel, igb da ixgbe da i40e, sun daɗe da warware wannan ba tare da wani rumbu ba. A raba shafin 4096 gida biyu, 2048 kowanne. Kati ya rubuta a rabi ɗaya, a miƙa shi sama, a juya page_offset da XOR zuwa ɗaya rabin, a mayar da shafin cikin zoben karɓa. In an zagayo, a duba ko wanda ya karɓi rabin farko ya saki. In ya saki, a sake juyawa. Ko ƙidayar masu riƙe da shafin ba a taɓawa a kowane fakiti: ana ɗaga ta da USHRT_MAX sau ɗaya, a riƙa rage pagecnt_bias, lamba ce ta direba shi kaɗai wadda ba ta bukatar atomik. Babu makulli, babu ptr_ring, ƙwaƙwalwa rabin ta Malam Bashir. Lissafin ma ya zauna daidai: 2048, cire 320 na skb_shared_info (bayanan wutsiya na skb, tsarin da kanel ke riƙe fakiti da shi), cire 1536 na fakiti, saura 192 na sarari a gaba. Me ya rage?

Hadiza:
Lokaci ya rage, Malam Auwal. Dabarar juyi tana ba wa rabin shafi wa'adi ɗaya tak: zagayen zobe ɗaya. Fakiti mai ɗauke da bayit 1500 yana cin 1538 a waya, wato kusan fakiti 812,700 a sakan a gigabit 10. In duk a layi ɗaya suke, zobe mai gurbi 512 yana zagayowa cikin mikrosakan 630. Da ƙananan fakitoci mikrosakan 34 ne. Manhajar da ta makara da milisakan ɗaya wajen karanta soket ta riga ta wuce wa'adi. Direba zai duba ya ga har yanzu ana riƙe da ɗaya rabin, sai ya kwance shafin daga DMA ya rabu da shi har abada, ya nemo sabo. Babu hanyar dawowa, domin shafin bai san gidansu ba.

A page_pool shafin yana ɗauke da adireshin gida. Akwai pp_magic da manuni zuwa rumbun a cikin struct page, kuma tun 5.14, da aikin Matteo Croce da Ilias Apalodimas, skb ɗin da aka yi wa skb_mark_for_recycle yana mayar da shafukansa rumbu ko bayan minti goma ne, ko a wane CPU aka sake shi. Kamar kwalbar lemo ce mai tambarin kamfani, ko ta kwana a gidan biki dai wurin dillali za ta koma.

Ga injin da aikinsa tura fakiti daga wannan kati zuwa wancan, juyi yana aiki ƙwarai, ban musa ba, don fakiti ba ya daɗewa. Ga sabar da TCP ke ƙarewa a kanta, labari ya sha bamban. Kuma 192 ɗin nan da kake yabo bai kai 256 na XDP_PACKET_HEADROOM, sararin gaba da aka tanadar wa XDP, ba.

Auwal:
Shirye-shiryen XDP nawa ne ke ƙara wa fakiti kai (header) da ya wuce bayit 192? A bar wannan. Batun wa'adi na karɓa. Amma to ai maganinsa ɗaya da na Malam Bashir: a ƙara girman zobe, wa'adi ya tsawaita.

Hadiza:
Yana aiki, amma a san dalili. Direbobi da yawa suna ɗaukar pool_size daga girman zoben karɓa, shi ya sa ethtool -G ke rage ring_full: ptr_ring ne ya faɗaɗa a bayan fage. Lissafin girman da ake bukata shi ne yawan fakiti a sakan a ninka da tsawon zaman shafi a waje. Fakiti 812,700 a sakan, zaman milisakan 2, shafuka kusan 1,625 ke nan a waje. Rumbu mai 512 ba zai ɗauke su ba.

Malam Sani:
A nan zan ɗan ja da ke, Injiniya. 1,625 ɗin adadin waɗanda ke waje ne, kuma wanda ke waje ba ya bukatar gurbi a ptr_ring. Da a ce kullum 1,625 ne a waje, ɗaya na dawowa ɗaya na fita, zobe mai gurbi 128 ma ya isa. Abin da zoben ke ɗauka shi ne bambancin da ke tsakanin mafi yawan da ke waje da mafi ƙarancinsu. In adadin yana lilo tsakanin 200 da 1,800, gurbi 1,600 ake so. In yana tsakanin 1,500 da 1,800, 300 sun wadatar. Lissafinki ya zama daidai ne kawai idan manhaja tana kwashe soket tas a kowane karatu.

Hadiza:
Gaskiyarka Malam. Nawa iyaka ce ta sama, naka shi ne ainihin ma'aunin.

Malam Sani:
Sai kuma kuɗin da ake biya in an bi ta ethtool -G. Gurbi 4096, shafi ɗaya kowanne, megabayit 16 ke nan a layi ɗaya. Kati mai layi 16 ya kama megabayit 256 yana zaune. Ƙwaƙwalwar ba ita ce damuwa ba a sabar, kash ne. Na'urorin Xeon tun daga E5 na farko suna da DDIO, kati yana rubuta fakiti kai tsaye cikin kash na mataki na uku, amma wani ɗan yanki kawai aka ware masa. Ƙaramin zobe yana zagayawa cikin wannan yanki, CPU ya tarar da fakiti a kusa. Babban zobe kuwa kowane fakiti sabon wuri yake sauka, yana ture na gabansa zuwa RAM tun ba a karanta shi ba. An gudu ba a tsira ba: ring_full ya sauka, kuskuren kash ya hau. In kai ne mai direban, raba lambobin biyu. Bar zoben karɓa a 512 ko 1024, ka ba pool_size abin da lilon ke bukata. Babban zoben karɓa maganin wata cuta ce daban, wato katin yana zubar da fakiti don CPU bai zo da wuri ya cika masa gurabe ba.

Zainab:
Duk maganarku ta x86 ce, inda kati da CPU ke ganin ƙwaƙwalwa iri ɗaya ba tare da an yi komai ba. A ƙananan allunan ARM da yawa ba haka ba ne, kuma a can mayar da shafi yana da tarko.

Kafin CPU ya karanta fakiti, direba ne da kansa zai kira dma_sync_single_for_cpu, rumbu ba ya yi masa. Kafin shafi ya koma hannun kati kuma sai an daidaita shi ta ɓangaren kati, kuma wannan rumbu zai yi in an sa PP_FLAG_DMA_SYNC_DEV tare da offset da max_len. Daidaita shafi sukutum a kowane fakiti asara ce, layin kash 64 ne ake bi ɗaya bayan ɗaya saboda fakitin da bai wuce layi ɗaya ko biyu ba. Shi ya sa page_pool_put_page ke karɓar dma_sync_size, a faɗa masa iya inda aka taɓa. Lorenzo Bianconi ya yi wannan aikin a kan mvneta, kuma a irin waɗannan alluna bambancin ba ƙarami ba ne.

Tarkon shi ne a faɗi ƙasa da gaskiya. A ce fakiti ya zo da bayit 200, shirin XDP ya ƙara masa wutsiya da bpf_xdp_adjust_tail ya rubuta a ciki, sannan ya zubar. In direba ya ba da 200, layukan da CPU ya ɓata a bayan nan suna nan cikin kash. Kati ya rubuta sabon fakiti mai 1500 a shafin, can kuma kash ya ga damar sauke tsohon layinsa a kai. Sakamako: fakiti ɗaya cikin dubbai ya lalace a tsakiya, lissafin tantancewa na katin ya riga ya ce lafiya lau tun kafin ɓarnar, TCP ya karɓa ya miƙa wa manhaja. Dole a ɗauki wanda ya fi girma tsakanin tsawon asali da tsawon bayan XDP. In ana shakka a ba da -1, a daidaita har max_len, a yi asarar gudu a tsira da bayanai.

Kuma duk direban da zai yi XDP_TX, wato mayar da fakiti ta katin da ya shigo, dma_dir ɗinsa DMA_BIDIRECTIONAL ne. Da DMA_FROM_DEVICE a inji marar IOMMU zai yi ta aiki kamar ba komai, ranar da aka kunna IOMMU sai kati ya nemi karanta shafin a hana shi.

Bashir:
To rx_pp_recycle_released_ref fa? A wasu sabobin shi ne ke hawa, ba ring_full ba.

Hadiza:
Wannan shafi ne ya dawo amma wani yana riƙe da shi. Sharaɗin karɓa biyu ne: ƙidayar masu riƙe ta zama 1 daidai, kuma shafin kada ya kasance daga ajiyar gaggawa ta pfmemalloc. In ƙidaya ta wuce 1, rumbu ba shi da ikon ba kati ya rubuta a kai, sai ya kwance shi ya sallame shi. Babban mai jawo wannan shi ne splice, wato miƙa bayanai ba tare da kwafi ba, daga soket zuwa bututu (pipe), kamar yadda HAProxy ke yi in an kunna masa, domin bututun yana ɗaukar nasa riƙon a kan shafin. TCP_ZEROCOPY_RECEIVE ma haka. Ƙara pool_size ba zai taɓa wannan lambar ba ko kaɗan. Ciniki ne: ka tsere wa kwafi, ka biya da ɗaurin DMA. Wanne ya fi araha, sai an auna a injin da ake magana a kai, kuma amsar takan juya da kunna IOMMU ko kashe shi.

Shi kuwa tcpdump mai leƙen fakitoci da ake yawan zargi, iyakar abin da zai jawo shi ne skb_clone, wanda ke ɗaga dataref, ba ƙidayar shafi ba. Wanda ya saki na ƙarshe shi ke mayarwa rumbu. Yana jinkirta dawowa, bai hana ta ba.

Nasiru:
Don a ga ba Linux kaɗai ke fama ba. FreeBSD yana da mbuf, takwaran skb, mai bayit 256 da mazubai masu 2048, 4096, 9K da 16K, duk daga UMA, mai rabon ƙwaƙwalwarsa, mai ajiya ga kowane CPU. Masu 9K sai an samu shafuka a jere a zahiri, in inji ya daɗe a kunne ƙwaƙwalwa ta farfashe sai netstat -m ya fara nuna an hana buƙatun manyan mazubai, katin ya tsaya cak. Shi ya sa aka fi son a haɗa fakitin jumbo daga mazubai masu girman shafi. DPDK, mai sarrafa fakitoci a wajen kanel, kuma ya yanke igiyar ne gaba ɗaya: a ware komai tun farko a rte_mempool, mazubi 2048 da sarari 128 a gaba, ajiya ga kowane CPU har 512, ba a mayar wa kowa komai. In sun ƙare babu hanyar roƙo, sai zubar da fakiti da ƙidayar rx_nombuf. AF_XDP ma haka yake da UMEM da zoben cikawa. Wahalar page_pool ta zo ne daga cewa shi yana ba da aron kayansa ga mutanen da ba su yi alkawarin ranar dawowa ba.

Auwal:
To ga inda shafi-ɗaya-fakiti-ɗaya ke ba ni haushi. Fakitin bayit 64 ya riƙe 4096. In direba ya faɗi gaskiya a truesize, wato ƙwaƙwalwar da ake lissafa wa fakitin, soket mai iyakar karɓa tcp_rmem na 131072 ya cika da ƙananan fakitoci kusan 32, kanel ya shiga matse layi yana kwafi, TcpExtTCPRcvCollapsed ya hau a nstat. In ya yi ƙarya ya rage truesize, lissafin ƙwaƙwalwar TCP ya zama almara, wanda ke turo ƙananan fakitoci da gangan zai iya cinye RAM.

Zainab:
Hanya biyu ce. Ko a kwafe ƙaramin fakiti, misali ƙasa da bayit 256, zuwa sabon skb, shafin ya koma ƙaramar ma'ajiya nan take da page_pool_recycle_direct. Kwafin layin kash huɗu bai kai kwancewa da ɗaurawa tsada ba. Ko kuma a yanka shafin da page_pool_alloc_frag, wanda ya shigo a 5.15 daga masu direban hns3. A kanel na arm64 mai shafin 64K wannan ba zaɓi ba ne, dole ne: shafi ɗaya yana ba da yanki 32 masu 2048. Rumbu yana amfani da dabarar bias irin wadda Malam Auwal ya kawo, a ƙidayarsa ta daban. Sai dai shafin ba ya dawowa sai yanki na ƙarshe ya dawo. Soket ɗaya da ya yi barci da yanki ɗaya ya riƙe 65,536 gaba ɗaya, alhali an rubuta masa 2048 a truesize.

Auwal:
Wato dai an dawo ga rabin shafin Intel, an sa masa sabuwar riga.

Zainab:
An sa masa adireshin gida.

Malam Sani:
Malam Bashir, akwai abin da zai rage maka matsi a kan ptr_ring ba tare da ka taɓa girmansa ba. Tun 5.19 akwai skb_attempt_defer_free na Eric Dumazet: manhaja ta gama karanta skb a CPU ɗinta, maimakon ta sake shi a nan, sai a jera shi ga CPU ɗin da ya ƙirƙire shi, shi ya sake shi a ƙarshen zagayen softirq. Iyakar jerin ita ce net.core.skb_defer_max, da ya shigo 64 ne. Sannan a 6.4 Jakub Kicinski ya ƙara filin napi a page_pool_params. In direba ya cika shi, kuma aka saki skb a kan CPU ɗin da NAPI ɗin ke gudana, shafin yana faɗawa ƙaramar ma'ajiya kai tsaye, babu makulli. Su biyun tare suke aiki. Alamar sun kama ita ce rx_pp_recycle_cached ya fara motsi a ƙarƙashin TCP, ba a XDP kaɗai ba. Direban da bai cika filin ba zai ga cached a daskare.

Sharaɗinsa rumbu ɗaya ga NAPI ɗaya. Kuma a kiyayi allow_direct, izinin mayar da shafi ƙaramar ma'ajiya kai tsaye. Duk wanda ya ba da shi daga mai ƙidayar lokaci, ko daga hanyar rufe kati yayin da NAPI ke gudana a wani CPU, ya sa hannu biyu a ma'ajiyar da ba ta da makulli. Shafi ɗaya zai fita sau biyu, gurabe biyu na katin su nuna wuri ɗaya, fakiti ya hau kan fakiti. Haka kuma in an kira aikin NAPI da budget 0, netpoll ne ya zo share layin aikawa kawai, a wannan kiran ba a taɓa page_pool ko XDP sam.

In rx_pp_alloc_waive ne ke hawa, shafukan da ke ptr_ring na wani yankin NUMA ne, wato ƙwaƙwalwar da ke kusa da wani CPU daban, ana watsar da su wajen kwasowa. Yawanci irqbalance ne ya ɗauke katsewar layin (interrupt, kiran da kati ke yi wa CPU) ya kai ta CPU na wani yankin. A ɗaure katsewar a yankin da katin yake.

Bashir:
Saura ɗaya. Bayan ethtool -G ko sauke kati, dmesg yakan riƙa fitar da saƙon page_pool_release_retry mai cewa rufe rumbu ya maƙale, da adadin inflight, wato shafukan da ba su dawo ba, duk bayan sakan 60. Yoyo ne?

Hadiza:
Ba lallai ba. Canza girman zobe yana rushe tsohon rumbu ya gina sabo, amma tsohon ba zai mutu ba sai duk shafukansa sun dawo. Yana cire waɗanda aka saki daga waɗanda aka bayar, yana sake dubawa duk sakan ɗaya. Soket da aka turo wa bayit goma manhaja ba ta karanta ba zai riƙe shafinsa har a rufe shi, ko da mako ne. Ka duba ss -tm ka nemi masu Recv-Q da ba sifili ba. In adadin yana raguwa, ko ya faɗi sifili da ka sake tayar da manhajar, ba yoyo ba ne. Daga 6.8 ana iya tambayar rumbunan ta netlink da kayan ynl, a ga inflight da lokacin da aka cire kowanne daga katinsa.

In an rufe komai adadin bai motsa ba, to direba ne. Wurare uku ake fara dubawa: hanyar kuskure inda gina skb ya gaza aka manta mayar da shafin, share zoben karɓa lokacin rufewa inda ake tsallake guraben da aka cika ba a yi amfani da su ba, da fakitin XDP_TX da ke zoben aikawa ba a kammala ba. Na huɗu shi ne mantawa da skb_mark_for_recycle a wata hanya ɗaya cikin hanyoyin gina skb. Nan shafin zai tafi ga kanel ta put_page yana ɗaure a DMA, rumbu kuma yana ta jiransa.

Auwal:
Wannan zaman shafi a ɗaure shi ne abin da har yanzu bai kwanta mini ba, a juyin Intel da page_pool duka. Shafin yana layin soket, kati yana da ikon rubutu a kansa, kuma skb_shared_info da manunansa suna wutsiyar wannan shafin. Binciken tsaro na Thunderclap na 2019, kan na'urorin da ke kai hari ta DMA, irin wannan ƙofar ya nuna. Mun kunna IOMMU don tsaro, mun zo mun bar ƙofar a buɗe don gudu.

Malam Sani:
Haka ne, kuma an san da shi. Na'urar da kanel ya ɗauka ba amintacciya ba, kamar wadda aka soka ta Thunderbolt, ana tilasta mata sharewar IOTLB nan take, mazuban da ba su cika shafi ba kuma a bi da su ta mazubin tsaka-tsaki na swiotlb. Katin da ke cikin sabar an amince masa ne kawai. Mai son raba kan skb da shafin da kati ke gani sai ya yi napi_alloc_skb ya kwafe kan fakitin, sauran ya rataya shi a matsayin yanki, maimakon napi_build_skb a kan shafin kansa. Kwafi ɗaya ne a kowane fakiti, skb_shared_info kuma ya koma ƙwaƙwalwar da ba a taɓa ɗaura wa katin ba.

Bashir:
To tsarin gwajin zai zama haka: zoben karɓa ya zauna a 512, a cika filin napi, a ɗauki lambobin recycle na sakan 60 a ƙarƙashin TCP. Bayan nan a ɗaga pool_size shi kaɗai zuwa 1024, sannan 2048, a ga inda ring_full ya daina motsi.

Zainab:
Ka ƙara da manhaja mai jinkirin karatu a gwajin. iperf3 yana kwashe soket da sauri, lilon da Malam Sani ya faɗa ba zai fito sosai ba. Sa mai karɓa ya riƙa barcin milisakan 2 tsakanin karatu, ka gudanar sau ɗaya a kan CPU ɗin da katsewar ke sauka, sau ɗaya a wani daban, ka kwatanta cached da ring.